Duwatsun Wata Da Ramukan Birnin Gwari: Wa Zai Karanta Mana Namu?

Kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ke neman abincinsa a ramukan gwal na dajin Birnin Gwari ya yi mini sallama da sassafe. Bayan mun gaisa ya zauna a gefen tabarma yana ta kame-kame, har sai da na ce masa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Sai ya zaro wani ƙunshi daga aljihu, ya warware tsumma, ga dutse kamar dunƙulen hannu, jikinsa ja-ja mai duhu, da fararen ɓaraguzai masu kaifin baki a watse a cikinsa. Ya ce, “Baba, don Allah ka duba mini wannan. An ce daga duniyar wata ya faɗo.”

Ashe labarin dutsen nan na duniyar Mars da aka tsinta a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar a watan Nuwamba na 2023, aka kuma yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yuli na 2025 a kan dala miliyan 5.3, ya gama zagaye ramuka. Wani dillali ya nuna wa yaron hotunan duwatsun wata a waya, ya ajiye wannan a gefensu, ya karɓe masa abin da ya tara na wahalar rani guda. Na jiƙa dutsen da ruwa, na ɗora madubin hannu a kansa. Fararen ɓaraguzan dutsen ƙanƙara ne, abin da ya ɗaure su kuwa marmara ce, irin wadda muke haƙa a bayan gari. A duniyar wata babu ruwan da zai sa ƙarfe ya yi tsatsa irin wannan, ƙanƙara kuma sai an sha wuya kafin a ga ƙwayarta a can. Na ce masa, “Ɗana, wannan ɗan gida ne, ko Funtuwa bai taɓa zuwa ba.” Ya yi shiru. Sai na tambaye shi daga wane rami aka ciro shi, domin ƙanƙara da ta farfashe haka, ƙarfe ya shiga tsakaninta, wani lokaci alama ce ta jijiyar da ke ɗauke da gwal. Ya ce dillalin ma a hannun wani ya saya. Wannan amsa ta fi asarar kuɗin ɓata mini rai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Duk da haka ban ga laifin idon yaron ba, domin kamar ta yi kama. Na karanci ilmin duwatsu, na ci abinci da shi shekaru masu yawa, kuma zan iya shaida wa mai karatu cewa mafi yawan duwatsun da ke tuddan duniyar wata haka siffarsu take: tarkacen tsofaffin duwatsu masu kusurwa da aka farfasa, aka cakuɗa, aka sake ɗaurewa wuri guda. Masana na kiran irin wannan dutse bireshiya, kalmar da aka aro daga Italiyanci. Da ni aka bai wa raɗin suna, da dutsen gamin-gambiza zan ce. Wanda ya taɓa ganin kankaren da aka fasa, tsakuwa a cikin siminti, ya ga kamanninsa. Bambancinsa da dutsen da ruwa ya tara shi ne, tsakuwar rafi ta sha birgima ta yi sumul, ɓaraguzan gamin-gambiza kuwa kaifinsu na nan, alamar cewa ƙarfi ne ya fasa su farat ɗaya.

A nan duniya abubuwa da dama na haifar da shi: tsagewar ƙasa, aman wuta, zaftarewar tsauni, ruwan zafi da ke kutsawa cikin dutse. A duniyar wata kuwa kusan sanadi guda ne, wato ruwan duwatsun sama. Wata ba shi da iskar da za ta tare abin da ya nufo shi, saboda haka komai ƙanƙantar dutse ko girmansa, yana isowa ne da gudun da ya kai kusan kilomita 20 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu ba faɗuwa ake yi ba, fashewa ce. Dutsen da ke wurin wani ya narke, wani ya zama gari, wani a cilla shi ɗaruruwan kilomitoci. Babu ruwan sama ko rafin da zai share wurin, don haka duka na zuwa a kan duka, shekara fiye da biliyan 4, har saman watan ya zama ɓaraguzai zuwa zurfin kilomitoci. A bisansu akwai lallausar ƙura mai kaurin mita 4 zuwa 5 a baƙaƙen filayen da muke hange daren sha huɗu, mita 10 ko fiye a fararen tuddai.

Tsakanin 1969 da 1972 kumbunan Apollo shida na Amurka sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa. Da aka yanka su sala-sala aka sa a madubin ƙara girma, sai aka ga gamin-gambizar ma iri-iri ce, kuma kowane iri na faɗin inda ya tsaya lokacin da abin ya faru. Rabe-raben da aka fi bi har yau shi ne wanda Bajamushe Dieter Stöffler da abokan aikinsa suka tsara a 1980. Mafi sauƙi shi ne dutse iri guda da aka murƙushe a inda yake, bai gauraya da kowa ba. Sai mai iri biyu, fari da baƙi, inda narkakken dutse ya kutsa cikin tsagogin farin dutsen da ke ƙarƙashin ramin ya daskare, kamar yadda dalma ke bin tsagar tukunya. Sauran duk masu iri da yawa ne, kuma a nan labarin ya fi daɗi.

Akwai wanda ƙurar saman watan ce kanta ta dunƙule, sakamakon matsi da zafin wani ƙaramin duka. Ana gane shi da 'yan ƙwallayen gilashi, da dunƙulallen gari da narkakken gilashi ya liƙe, da kuma iskar da rana ke fesowa wadda ƙurar ta shafe miliyoyin shekaru tana sha. Wanda ya riƙe irin wannan dutse ya riƙe tarihin rana ma, ba na wata kaɗai ba. Akwai wanda tarkace ne kawai da aka watso daga rami suka zauna a kan juna, ɗaurinsa sako-sako, ana iya marmasa shi da yatsa. Akwai wanda ya daɗe a binne cikin zafin da ya kai kimanin digiri 1,000, ya gasu har gefunan ɓaraguzan suka dushe, kamar tukunyar da ta sha wuta sau biyu. Amma wanda masana suka fi kwaɗayi shi ne wanda narkakken dutse ya haɗiye ɓaraguzai sannan ya huce. Dalili kuwa shi ne narkewa tana mayar da agogon dutse baya zuwa sifiri. Wasu sinadarai, irin su yuraniyam da wani nau'in fotasiyam, suna rikiɗa a hankali bisa ƙa'idar da aka sani, to idan aka auna su a cikin abin da ya narke, an sami ranar da aka yi dukan. Ta haka aka san cewa wawakeken kwarin Imbrium, mai faɗin fiye da kilomita 1,100, wanda kowa ke iya gani da ido a fuskar wata, an fafe shi ne kimanin shekara biliyan 3.9 da suka wuce.

Abin sha'awa shi ne, dutse guda kan zama kamar kasuwar Kara ranar cinta, kowa da garin da ya fito. A cikinsa za a tarar da farin dutsen anotosait na ɓawon watan na farko, da guntun baƙin dutsen aman wuta, da guntun wata tsohuwar gamin-gambiza a cikin sabuwa, wani lokaci hawa uku ko huɗu. Tun a 1970 John Wood ya tsinci 'yan fararen ƙwayoyi a cikin ƙasar da Apollo 11 ya kawo, waɗanda duka ya watso daga tuddai masu nisa, daga nan ya yi hasashen cewa a farkon lamari saman watan duk tekun narkakken dutse ne, farin ma'adini mara nauyi ya taso sama kamar kumfa ya daskare. Har yau a kan wannan hasashe ake gini. Wani dutse mai kilo 9 da Apollo 14 ya ɗauko a 1971, mai lamba 14321, a cikinsa an sami ɗan guntu mai ƙanƙara da wasu ma'adinai, wanda wasu masana suka ce a 2019 mai yiwuwa daga duniyarmu wani duka ya cilla shi can shekara biliyan 4 da suka shige. Wasu sun musa, gardamar kuma tana da daɗin saurare, amma ba ita ce a gabana ba.

Abin da ke gabana shi ne abin da ya faru a watan Afrilu na 1972. Kafin a tura Apollo 16, manyan masana duwatsu na Amurka sun shafe shekaru suna nazarin hotunan tuddan Descartes da aka ɗauka daga sama. Sun zana taswira, sun yi mata launi, sun amince cewa wurin tsaunukan aman wuta ne, a kan haka ma aka zaɓe shi. John Young da Charles Duke suka sauka, suka fara ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya suna bayyana su ta rediyo. Gamin-gambiza, gamin-gambiza, gamin-gambiza. Cikin kusan kilo 96 da suka dawo da shi, har da dutse mafi girma da aka taɓa kawowa daga can mai kilo 11.7, ba a sami tsaunin aman wutar da aka je nema ba. Filayen da aka ɗauka kwararar narkakken dutse ce, ashe tarkace ne da manyan duka suka watso. Mutanen nan ba jahilai ba ne, su ne gwanayen zamaninsu, kayan aikinsu kuma babu kamarsu. Kuskurensu guda ne: daga nesa suka karanta dutsen. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fanni kuwa taɓawa ce ke korar gani.

Ko bayan an taɓa ma, inda aka taɓa yana da muhimmanci. A 1974 wasu masana uku a Kalifoniya, Tera da Papanastassiou da Wasserburg, suka lura cewa shekarun narkakkun duwatsun Apollo sun taru a wajen biliyan 3.9, suka ce ke nan an yi wani gagarumin ruwan duwatsu a lokaci guda. Daga baya wasu suka ce a dakata: duk wuraren da aka sauka shida a fuskar da ke kallonmu suke, a kewayen Imbrium, ƙila tarkacen duka guda ake ta aunawa ana sake aunawa. Sai a watan Yuni na 2024 kumbon Chang'e-6 na ƙasar Sin ya kawo giram 1,935 daga bayan wata, daga cikin kwarin da ya fi kowane girma, mai faɗin kusan kilomita 2,500. A 2025 masanan Sin suka ba da sanarwar cewa ɓaraguzan da suka auna sun nuna an fafe wannan kwari shekara biliyan 4.25 da suka wuce, wato tun kafin Imbrium da nisa. Shekara hamsin ana gardama, abin da ya matsar da ita gaba bai kai kilo biyu ba, amma an san takamaimai inda aka ɗebo shi.

To ina ruwan Birnin Gwari da wannan duka? Akwai zare guda da ya ɗaure su, kuma zaren na gwal ne. Duwatsun wata na asali, waɗanda duka bai gurɓata ba, kusan babu zinariya ko iridiyam a cikinsu. Gamin-gambiza kuwa tana da su fiye da haka nesa ba kusa ba, domin dutsen da ya faɗo ya bar nasa a ciki. Da wannan ma'auni masana ke rarrabe ɗan asali da gauraye, har su gane irin dutsen da ya yi dukan. Haka kuma ra'ayin da ya fi rinjaye game da duniyarmu shi ne, zinariyarta ta farko ta bi ƙarfe ta nutse can tsakiya tun tana narke, mafi yawan wadda ta rage a sama duwatsun sama ne suka kawo ta daga baya. A nan ruwa da iska da motsin ƙasa sun goge shaidar, a wata kuwa tana nan a ajiye. Ƙwayar gwal ɗin da ɗan ƙanena ke wankewa a kwano, idan aka bi salsalarta, wani ɓangare na takardar haihuwarta a cikin waɗancan duwatsu yake.

Sai dai kada a fahimce ni a karkace. Duwatsun Birnin Gwari ba duka daga sama ne ya yi su ba. Tsofaffin laka da yashi ne da suka kwanta a ruwa, aka matse su, aka gasa, aka naɗe su kamar tabarma a lokacin wani babban karon ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Bayan haka manyan tsagogi suka keta yankin, irin tsagar Kalangai, ruwan zafi ya biyo su ɗauke da ƙanƙara da gwal, ya zube su a jijiyoyi. Shi ya sa gwal ɗin ba ko'ina yake ba, layi yake bi. Turawan mulki sun haƙe shi a Tsohon Birnin Gwari a shekarun 1930. A 1963 Truswell da Cope na Hukumar Binciken Duwatsu suka wallafa rahoton da ya raɗa wa duwatsun yankin sunayen da muke amfani da su har yau, bayan sun taka dajin da ƙafa. Farfesa Ibrahim Garba na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya shugabanci jami'ar daga 2015 zuwa 2020, ya yi rubuce-rubuce masu nauyi a kan asalin wannan gwal a farkon shekarun 2000. Wato ba a rasa masu sani ba. Wanda kuma ke son ganin gamin-gambizar duka ta gaske ba sai ya je wata ba: tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi, inda 'yan uwanmu na Zango ke zuwa shan iska, rami ne mai faɗin kilomita 10.5 da dutsen sama ya fafe shekara miliyan ɗaya da 'yan kai da suka wuce, an kuma yi haƙar bincike a cikinsa a 2004.

Gwamnatin tarayya za ta ce ta yi aiki, kuma ta yi. Daga 2003 zuwa 2010 jiragen sama sun auna maganaɗisun ƙasar nan kusan baki ɗaya, an kuma ƙara wani awon daga baya da rancen Bankin Duniya. Taswirorin suna da kyau, na gan su. Amma taswirar Descartes ma tana da kyau. Awon sama yana nuna inda ya kamata a je a duba, ba ya maye gurbin zuwan. A shekarun da ya kamata a bi waɗannan taswirori da guduma da jaka, dajin ya gagari kowa. Wa zai tura ɗalibai aikin fili a inda aka kashe sojoji 11 a Kamfanin Doka a watan Maris na 2018, aka kashe mutane fiye da 40 a Gwaska a watan Mayu na wannan shekarar? Hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiya, gandun Kamuku ya zama sansani. Masana suka janye, amma haƙa ba ta tsaya ba ko na rana guda. Aka bar ƙasa a hannun mai diga da mai bindiga da mai sikeli, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke rubuta daga ina dutse ya fito.

Na san abin da wani zai ce: mutumin da ake sace wa 'ya'ya, wanda bai noma gonarsa shekaru ba, za ka zo masa da zancen madubi da lambar dutse? Tambaya ce mai nauyi, ga amsata. A 2010 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 suka mutu, domin dutsen gwal ɗin da ake dakawa a tsakar gida cike yake da dalma. A 2015 abin ya maimaita kansa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, maƙwabciyarmu ta kudu, yara 28 suka rasu. Ma'adinin dalma ba ɓoyayyen abu ba ne, ɗalibin aji biyu a sashen ilmin duwatsu zai gane shi da ido, ƙaramar na'urar hannu kuma za ta auna shi cikin minti guda. Yaran nan ba harsashi ne ya kashe su ba. Karatun dutse a wurinmu maganar rai ce kafin ta zama maganar ilmi, sannan maganar dukiya ce, domin wanda bai san abin da ke cikin buhunsa ba, farashin da mai saye ya yanka shi zai karɓa.

Mun ma taɓa riƙe abin da duniya ke nema a hannunmu. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Faskari ta yau, tafiyar da ba ta da nisa daga iyakarmu ta arewa, sai dutse mai kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Aka kai shi Hukumar Binciken Duwatsu a Kaduna. Daga baya aka gane daga duniyar Mars yake, kuma hujjar da ta ƙarfafa haka a 1995 tana cikin 'yan aljihunan baƙin gilashi da duka ya narkar a jikinsa, waɗanda suka kulle iskar Mars a ciki. Yau yankakkun Zagami suna gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama, har an liƙa ɗan ƙwayarsa a kumbon da Amurka ta tura Mars a 1996. Bayansa an yi na Mayo Belwa a 1974, da na Gujba a 1984, da na Kilabo a Jigawa a 2002. Duk darajar Zagami ta ginu ne a kan cewa wani ma'aikaci ya rubuta rana da wuri, ya kuma ajiye. Amma karatun dutsen, da sunan da ake samu a karatun, a wasu ƙasashe aka yi.

A nan ne nake jin ɗaci idan na tuna cewa Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta komawa duniyar wata a watan Disamba na 2022, ita da Ruwanda, su ne na farko a Afirka. Tun a farkon shekarun 1960 ma akwai tashar bin sawun kumbunan Amurka a Kano. Sa hannu ba laifi ba ne. Amma a watan Afrilu na 2025, da ƙasar Sin ta ba da aron duwatsun da Chang'e-5 ya kawo, cibiyoyi bakwai ne suka samu a ƙasashe shida: Faransa, Jamus, Japan, Birtaniya, Amurka da Pakistan. Babu ta Afirka ko ɗaya. Ba a ba da irin wannan aro don zumunci, ana duba ɗakin bincikenka ne da abin da ka taɓa yi. Ni da kaina na taɓa ɗaukar duwatsu zuwa wani ɗakin bincike don a yanka mini su sala-sala, aikin da ba ya wuce kwana biyu, na yi ta sintiri har mako shida saboda injin yanka ya lalace kuma babu kuɗin gyara. Ƙasar da ba ta iya yanka dutsen Bugai ta duba, da wace fuska za ta nemi na wata?

Sulhun da gwamnatin Malam Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamba na 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu bayan kimanin shekara goma, mutane sun saɓa a kansa, ni ma ina da nawa tsoron. Amma duk wata ƙofa da ya buɗe, na san waɗanda za su riga kowa shiga: masu lasisi daga Abuja da masu sikeli daga ƙetare. A ganina, kafin su, ko aƙalla tare da su, ya kamata a tura masu guduma. Hukumar Binciken Duwatsu tana da manyan ɗakunan bincikenta na ƙasa a nan Kaduna, Zariya na da sashen da ya yaye masana da yawa. A haɗa su, a ba su kuɗi da tsaro, su bi ramuka ɗaya bayan ɗaya, kowane dutse a ba shi lamba da wurin da aka ciro shi, a ajiye rabinsa. A Houston har yau duwatsun Apollo suna cikin akwatunan da iska ba ta shiga, akwai ma bututun ƙasa da aka rufe a 1972 ba a buɗe ba sai a 2022, da gangan, don a jira na'urorin da ba a ƙirƙira ba tukuna. Mu ba mu nemi wannan ba. Ɗaki mai rufi da kanta da littafin rajista ya isa farawa.

Sannan a ajiye na'urar awon dalma a garin Birnin Gwari, a hannun ma'aikacin da zai auna wa kowane mai haƙa kyauta, ba tare da an tambaye shi lasisi ba, domin ranar da awo ya zama tarkon kamu, ranar za a daina kawowa. Masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ta fi kowace ma'aikata sanin wane rami ne na wa, kuma da bakin hakimai da dagatai ne za a iya hana daka dutse a cikin gida. Majalisar Tarayya kuma ta yi doka bayyananniya da za ta ambaci dutsen sama da sunansa, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi tun 1999: wanda ya tsinta a biya shi hakkinsa da daraja, a rubuta wurin, kaso ya zauna a gida. Nijar sai da nata ya kai New York sannan ta buɗe bincike ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu a watan Agusta na 2025. Hamadar da ake tsintar duwatsun wata na gaske, a Libiya da Maroko da Muritaniya, ita ce dai wadda fatakenmu ke ketawa, kuma mafi yawan abin da ake tsinta gamin-gambiza ce. Ba abin mamaki ba ne wata rana na gaske ya biyo ta Maraɗi ya shigo kasuwarmu.

Ɗan ƙanena ya bar mini dutsen, ya ce ba ya son ganinsa. Na ba shi kuɗin mota, na haɗa masa da ƙaramin littafi da biro da 'yan ledoji, na ce duk ramin da ya shiga ya ɗebo mini guntu, ya rubuta sunan wurin da zurfin da ranar. Ya dube ni kamar wanda aka ɗora wa aikin banza, ya ce, “To Baba, in an kawo wa zai duba?” Na ce ya fara kawowa tukuna. Makon jiya ya aiko da leda huɗu ta hannun wani direba. Uku da rubutu, ɗaya babu.